Ƙarfin da ke Bayan Harsashi: Daga Tsarkiyar Baka zuwa Tukunyar Iska a Ƙasar Wudil

Duk abin da ɗan Adam ya taɓa harbawa, ko kibiya ce, ko dalma, ko ɗan dutsen da yaro ke ɗora wa danƙo, ba ya tashi da ikon kansa, sai an tara masa wani ƙarfi a bayansa an tsare, sa'an nan a sake shi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Kuma tarihin harbi, in mutum ya bi shi da natsuwa, galibinsa tarihin wannan ajiyayyen ƙarfi ne, wato inda ake samo shi, da abin da ake adana shi a ciki, da kuma ko zai cika alkawari ranar da aka neme shi. Abin da ya sa na ɗauko wannan mas'ala shi ne muhawarar da ke tsakanin samarin manyan birane masu wasan harbin fenti, irin wanda ake yi a wuraren shaƙatawa na Legas da Abuja, inda ake raba jama'a gida biyu suna harbin juna da ƙwallayen launi masu fashewa a jikin tufa: waɗansu na cewa bindigar wasan ta fi kyau da matsattsiyar iska, waɗansu na cewa iskar kabon, wadda ke sa lemon kwalba kumfa, ta fi sauƙi da araha. Wasan bai zama ruwan dare a ƙauyukanmu ba, amma muhawarar ba baƙuwa ba ce, domin kakannin mutanen Indabo da maƙwabtansu sun shafe fiye da shekara ɗari suna yin irinta tsakanin baka da bindiga, kuma su da rayukansu suka riƙa biyan kuɗin kuskure.

Indabo gari ne daga cikin garuruwan ƙasar Wudil, kamar Utai da Darki da Achika da Lajawa da Kausani, a yankin da ke kudu maso gabas da birnin Kano, inda babban kogi ke ratsawa ya nufi Haɗeja. Wanda ya bar wannan ƙasa ya yi kudu zai bi ta Garko da Sumaila, har ya hango duwatsun Ningi. Ma'anar wannan a ƙarni na 19 ita ce, manomin da ke nan yana zaune ne a kan hanyar hari, kuma kwari da baka da ke rataye a ɗakinsa kayan aiki ne kamar fartanya da lauje.

Falalar baka, wadda ta sa ya daɗe yana mulki, ita ce babu wani abu a jikinsa da sai an jira ayari ya kawo. Itacensa daga dajin gari yake, tsarkiyarsa daga fatar dabba, kyauron kibiya daga fadama, bakin ƙarfen kuwa maƙerin unguwa ne zai ƙera shi da ƙunnuwansa masu hana zarewa; kuma da yake kibiyar ƙasar Hausa ba ta da gashin tsuntsu a gindi, ba ta da nauyin da zai fasa ƙashi daga nesa, sai maharba suka ɗora amanarsu a kan dafi, wanda ake dafawa daga 'ya'yan kwankwani da waɗansu haɗe-haɗe da kowane gida ke ɓoye nasa sirrin, har ya zama ƙwarzane kaɗan ya isa ya tsayar da zuciyar namiji ko ta gwanki. Ƙarfin da ke tura kibiya kuwa a damtsen maharbi yake, shi ya san iyakarsa, kuma jan da ya yi da safe shi zai yi da la'asar. Saboda haka ne sarautar Sarkin Baka ta kafu a garuruwa, ta kuma wanzu har yau, ko da yake galibin waɗanda ke ƙarƙashinta yanzu bindiga suke saɓawa.

Bindiga ta riga ta shigo ƙasashen nan tun da daɗewa. A Barno, Mai Idris Alauma, a ƙarshen ƙarni na 16, yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma nuna cewa Babba Zaki, wanda ya hau a 1768 ya rasu a 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Mai karatu zai yi tsammanin cewa daga nan magana ta ƙare, baka ya zama kayan tarihi. Amma tun ba a cika shekara talatin ba bayan Babba Zaki, jihadi ya taso, kuma jama'ar da ta rinjayi dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804 mafi yawanta 'yan ƙasa ne masu kwari da baka. Haka nan a Kano, inda Joɓawan Utai, ƙarƙashin Malam Bakatsine, suna cikin manyan gidajen da suka ɗauki tuta, bindigogin fada ba su hana Sarki Alwali shan kashi a Ɗan Yaya a 1807 ba. Daga wannan gida na Joɓawa ne sarautar Makaman Kano ta fito, wadda ƙasar Wudil ta daɗe a hannunta. Bature Clapperton, da ya halarci yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a 1826, ya ga runduna ta dubban mutane, amma bindigogin da ya ƙirga cikinta 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Dalilin wannan ba jahilci ba ne, ba kuma ƙin sabon abu ba. Hisabi ne na mutanen da suka auna fa'ida da illa. Albarushi haɗi ne na abu uku: wani gishiri da ake tacewa daga ƙasar kufai da ta turke, wanda shi ne kusan kashi uku cikin huɗu, sai gawayi, sai farar wuta, biyun farko ana samunsu a gida, amma farar wuta mai kyau da ƙanƙarar da ke ba da tartsatsi sau da yawa sai an kawo su daga nesa, ta hamada ko ta Nupe. Bayan wannan, albarushi yana shan raɓa, da damina ta kankama sai ya dunƙule ya ƙi kamawa. Ɗurin yau ba ya zama daidai da na gobe, domin wani haɗin ya fi wani zafi. Kafin ɗan bindiga ya zuba gari, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya sa dalma, ya sake dannawa, ɗan baka ya saki kibiya biyar ko fiye. Kuma idan hannu ya yi nauyi wajen ɗuri, ko bututun ya tsufa, sai bindiga ta fashe ta tafi da yatsun mai ita. Sunan da aka laƙaba wa irin wannan bindiga, harba-ka-ruga, shaida ce a kan yadda jama'a suka ɗauke ta. Tana da tsawa da hayaƙi masu razana doki, wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne a fagen fama, amma mutumin da ransa ya rataya a kan harbi ɗaya yana son abin da ya san halinsa.

A rabin ƙarshe na ƙarnin ne mizani ya fara karkata. Ningawa sun matsa wa kudancin Kano da hare-hare tun zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, har aka ƙarfafa ribaɗoɗi a wannan fuska. Tanimu na Damagaram ya tara bindigogi, ya sa ana ƙera igwa ana kuma dakan albarushi a Zindar. Rabe ya ci Barno a 1893 da bindigogi masu cin harsashi ta gindi. A wannan shekara ce kuma Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano, Yusufawa suka fita suka kafa sansani a Takai, jagoransu Yusufu ya rasu a Garko, ragamar ta koma hannun Aliyu Babba, wanda ya shiga birni a 1894. Wato mafi yawan kai-da-kawon wannan fitina a bakin ƙofar mutanen Wudil aka yi shi. Kirarin da aka san wannan Sarki Aliyu da shi, Maisango, yana da abin lura a cikinsa, domin sango wani mashi ne mai dafi da maharban giwa ke zurawa a bakin bindiga a madadin dalma, albarushi ya tura shi. Ke nan ko a lokacin da aka karɓi sabon ƙarfi, ba a saki tsohuwar amana ba: an ba albarushi aikin turawa, an bar wa dafi aikin kisa.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai na tsawaita ba. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta taƙaita sayar wa mutanen wannan yanki bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Kuma ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka fasa ganuwar Kano da igwa, bayan 'yan makonni Waziri Ahmadu da jama'arsa suka yi shahada a Kwatarkwashi. Daga nan bindigar gargajiya ta bar fagen yaƙi ta koma gida biyu: hannun maharba a daji, da hannun 'yan bindigar sarki waɗanda ke girgiza gari da ɗuri ranar hawan salla. Maƙera suka ƙware wajen ƙera ta daga bututun ruwa da sandar sitiyarin tsohuwar mota, dokar makamai ta 1959 kuma ta ware mata babi nata dabam. Tsofaffin maharba suna auna ɗuri da yatsu, su zura sanda cikin bututu su ga yatsa nawa ta rage a waje, kuma gwani a cikinsu shi ne wanda ɗurinsa ba ya saɓawa, domin wanda bai san ƙarfin da zai fito ba, bai san inda zai saita ba.

A can Turai kuwa, tun ana tsakiyar zamanin albarushi, waɗansu masu hikima sun nemi hanyar kuɓuta daga hayaƙinsa da raɓarsa. Wajen 1779 wani maƙeri mai suna Girardoni ya ƙera bindigar da ke harbi da iskar da aka matsa cikin gindinta, sojojin Ostiriya suka riƙe ta daga 1780 har zuwa wajen 1815. Tana sakin harsashi kusan 30 a ciko ɗaya, ba hayaƙi, ba ruwanta da damina, amma cika tukunyarta yana cin bugun famfo kusan 1,500, kuma gyaranta sai gwani, shi ya sa daga bisani aka ajiye ta. A ƙarshen ƙarni na 19 wani Bafaranshe, Paul Giffard, ya fito da wadda ke aiki da iskar kabon. Saboda haka hanyoyin nan biyu da samari ke jayayya a kansu dukkansu sun girmi kakanninsu.

Asalin bindigar fenti kuwa zai ba mutumin Wudil sha'awa, domin ba don wasa aka ƙirƙire ta ba. Wani kamfanin fenti na Amurka mai suna Nelson ne ya sa aka ƙera ta domin ma'aikatan daji su riƙa sa wa itatuwa alama daga nesa, makiyaya kuma su sa wa shanu. Wato aikin da ake yi da gwangwanin fenti da tsinke a karar Wudil kowace Juma'a, lokacin da fatake ke shaida dabbobinsu kafin a loda su a manyan motoci zuwa kudu. Sai a watan Yuni na 1981 waɗansu abokai goma sha biyu suka shiga wani daji a jihar New Hampshire da waɗannan bindigogi suka gwada junansu, daga nan wasa ya samo asali. Bindigogin farko duka da 'yan ƙananan kwalaben kabon masu nauyin giram 12 suke aiki, matsattsiyar iska ba ta yaɗu a wasan ba sai a shekarun 1990.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a fahimci ɗabi'ar kowanne, domin hukunci a kan abu reshe ne na saninsa. Iskar kabon, idan aka matsa ta cikin tukunya, narkewa take ta zama ruwa, sai wani sashe nata ya tashi ya zama tururi a sama, kuma wannan tururin ne ke tura ƙwallo. Duk harbin da aka yi, sai wani ruwan ya sake tashi ya cike gurbi. Wannan ne sirrin araharta, domin ƙaramar tukunya mai sauƙin ƙira tana ɗaukar harbi mai yawa. Amma ƙarfin wannan tururi bawan zafi ne, ba shi da ra'ayin kansa. Idan ma'aunin zafi yana kan digiri 10, matsinsa ya kai ninki 45 na nauyin iskar sarari. A digiri 20 ya kai ninki 57. A digiri 30 ya haura ninki 70. Da an wuce digiri 31 kuwa, sai bambanci tsakanin ruwa da tururi ya gushe gaba ɗaya, matsi ya riƙa hawa da gaggawa, har cikakkiyar tukunya a digiri 40 ta wuce ninki 100. Don mai karatu ya gane girman wannan, tayar ƙaramar mota ninki biyu da ɗan ɗori kawai take ɗauka. Yanzu a ɗora wannan a kan yanayin ƙasar Kano, inda asubahin hunturu ke sauka kusa da digiri 12 ko 13, azahar ɗin bazara kuma ta kai 40 ko ta wuce: bindigar da aka daidaita da hantsi za ta zama wata bindiga dabam bayan azahar. Ƙa'idar filayen wasan ita ce kada gudun ƙwallo ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, wato kusan mita 90, domin abin da ya fi haka yana fasa fata, yana kuma barazana ga gilashin da ke kare ido. Kabon a zafinmu yana iya tsallake wannan haddi ba da sanin mai harbi ba. Akwai kuma illa ta biyu, kishiyar ta farko: idan aka yi harbi a jere da sauri, tashin ruwan yana sanyaya tukunya har raɓa ta daskare a jikinta, matsi ya faɗi, ƙwallaye su riƙa zubewa a gaban mutum, in kuma ruwan ya kutsa cikin bindigar, sai ya busar da robobin da ke toshe ta, ya lalata masu aiki da lantarki.

Matsattsiyar iska ba ta narkewa. Iskar da muke shaƙa ce aka danna cikin tukunyar alminiyam ko ta zare mai ƙarfi har ninki 200, wata ma 300, a bakinta kuma akwai regileta wadda ke sakin ta da awo ɗaya, ko tukunya na cike ko ta kusa ƙarewa. Tsakanin sanyin asuba da zafin azahar matsinta ba ya canjawa sai kaɗan, wannan ɗan canjin ma regileta ke shanye shi. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yaro yana zuga, yana danna salka ɗaya yayin da ɗayar ke cika, don kada iskar da ke shiga wuta ta yanke ko ta yi fizga, ya riga ya san abin da regileta ke yi, ya kuma san dalilin da ya sa maƙeri ke yi wa ɗan zuga tsawa in hannunsa ya saɓa.

Da a ce nan mas'alar ta tsaya, da tarjihi ya yi sauƙi. Sai dai tsohuwar tambayar da ta hana bindiga korar baka tana nan daram, wato daga ina za a samo ciko. Injin mai faci da ke bakin titin Wudil iyakarsa ninki takwas zuwa goma, ba zai ko motsa allurar tukunyar da ke neman 200 ba; ana bukatar inji na musamman mai tsada, mai tace ruwa da mai daga cikin iska, mai kuma neman wutar lantarki tsayayya ko janareta, ko kuwa manyan tukwane da za a riƙa kaiwa birni ana cikowa. Kabon kuwa yana hannun masu cika tukwanen kashe gobara da masu walda da kamfanonin lemo, ana auna shi da sikeli, ba ya bukatar wani inji mai wuya. Saboda haka wanda ya zaɓi kabon ba wawa ba ne, darura ce ya duba, kamar yadda kakansa ya duba nisan farar wuta ya riƙe bakansa.

Duk da haka, ni a nawa ra'ayin, wanda zai buɗe filin wannan wasa a ƙasa mai zafi irin tamu, ya tara 'ya'yan mutane suna harbin juna, wajibi ne ya ɗauki nauyin injin iska, ko ya haƙura har ya sami hali, domin kawar da cuta yana gaba da jawo amfani, kuma idon yaro ɗaya ya fi ribar shekara. Wanda larura ta tilasta masa kabon, to ya ajiye tukwane a inuwa, kada ya bar su cikin mota a rufe, kada ya cika su fiye da awon da aka rubuta a jikinsu, ya kuma riƙa gwada gudun ƙwallo da na'ura safe da rana, ba sau ɗaya ba. Ita ma matsattsiyar iska tana da nata sharuɗɗan: ba a ɗiga mai ko giris a bakin cikonta, domin mai yana kamawa da wuta a ƙarƙashin irin wannan matsi, kuma kowace tukunya tana da ranar da aka buga a jikinta, ana mai da ita gwaji bayan shekara uku ko biyar gwargwadon irinta. Dokar nan ta 1959 ta lissafa bindigogin iska cikin makaman da ake nemar wa lasisi, saboda haka ya kamata mai niyyar shigo da kayan wasan ya fara zuwa wurin 'yan sanda ya ji matsayinsu kafin ya kashe kuɗinsa, ya kuma sanar da dagaci da Sarkin Bakan garin, tun da su ne za a fara tambaya in aka ji ƙarar harbi a bayan gari.